Yawon kwale-kwale da kallon kunkurun teku a Ada Foah: inda kuɗinka zai yi amfani da inda zai tafi a iska

Masu tambayata ko yawon kwale-kwale na Ada Foah ya cancanci kuɗin da ake karɓa, amsar ita ce ya danganta da wa ke riƙe da injin da kuma ƙarfe nawa ka shiga ruwan. In ka shiga da rana tsaka ranar Asabar da yaro mai gaggawa, wlh iska kawai ka saya. In kuwa ka shiga da sanyin safiya da mutumin da zai yarda ya kashe inji ya ɗauki filafili, to ko ninki biyu aka ce ka biya ba a cuce ka ba. Shi kuwa tattakin dare na kallon kunkurun teku wannan babinsa daban ne, zan zo kansa.

Ga wanda bai san wajen ba, Ada Foah gari ne a ƙasar Gana, gabas da Akra, kimanin kilomita 100, a nan kogin Volta ke ƙare doguwar tafiyar da ya faro tun daga Burkina Faso ya zube a teku. Trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya, ake shiga a tashar Tudu da ke Akra, ko a tare ta a Tema, a bi titin Aflao mai zuwa Togo, a karya dama a mahaɗar Kasseh, a wuce Big Ada sannan a iso. In ba gosulo awa biyu da ɗan wani abu ne, amma fa ban taɓa ganin wannan titin ba gosulo ba. Mun je a watan Nuwamba, ni da ƙanwata da yaranta da wani dattijo maƙwabcinmu a unguwar Nima ta Akra, Baba Alhaji muke ce masa, asalinsa mutumin Nguru ne, shi da kansa ya ce sai an tafi da shi don ya daɗe bai hau kwale-kwale ba tun yana saurayi.

Abin da yawancin masu tallan jirgi a bakin ruwan ba za su faɗa maka ba shi ne wajen nan ba wajen shan iska kawai ba ne, yanki ne da doka ta keɓe. Gaɓar yamma ta bakin kogin da tsibiran ciki da babban tafkin gishiri na Songor duk suna cikin jerin dausayin da ake karewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka sa wa hannu a Iran a 1971, an saka Songor a 1992 tare da Keta da Sakumo da Densu da Muni-Pomadze, sannan a 2011 UNESCO ta ƙara masa matsayi na musamman. Su dai yaran jirgi abin da suka haddace shi ne "tsibiri, tsibiri, bakin teku, hoto", shi ke nan.

Bari in fara da wanda bai min daɗi ba. Muna sauka daga okada samari suka yanyame mu kowa na jan hannu, muka daidaita da wani mai jirgin katako mai rumfa da fenti mai kyau, ba zan faɗi sunan jirgin ba. Ciniki da awa ake yi ba da kai ba, wannan ku riƙe shi, don ya fara ƙirga kawunanmu har da yara sai da ƙanwata ta taka masa burki, aka dawo kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya fara yankawa. Rigar ceto kuwa sai da muka tsaya kai da fata cewa ba mu shiga sai da ita sannan aka je aka aro daga wani jirgin, biyu daga ciki igiyarsu ta tsinke, ta yara kuma babu sam, manya aka ɗaɗɗaure musu. Aka ta da inji, aka kunna sifika, daga nan kuma sai gudu. Ya bi da mu ta gaban gidajen hutun masu kuɗi da suka jeru a bakin kogin yana nuna mana wannan na wane ne wancan na wane ne, kamar gidajen muka zo gani, masu babur ɗin ruwa na giftawa suna watsa mana ruwa, duk tsuntsun da ke kan reshe tun daga nesa yake tashi. Yarinyar ƙanwata ta ce "Kawu ina dabbobin da ka ce za mu gani?" na rasa abin ce mata.

Sai kuma ya tsaya da mu a wani tsibiri ba tare da ya tambaye mu ba, ashe wajen da ake dafa akpeteshie ne da ruwan rake, wato ogogoron Gana, kusan duk jirgin yawon buɗe ido sai ya biya ta nan don baƙi su ɗanɗana su saya. Ban ce mutanen tsibirin sun yi laifi ba, sana'arsu ce kuma sun karɓe mu da fara'a, amma mutum ya ga dattijo da carbi da hula da mata da hijabi ai ya kamata ya tambaya. Baba Alhaji ko motsi bai yi ba daga mazauninsa, ya ce "ɗana, faɗa masa ya juya, lokacinmu ne ke ƙonewa." Kuma gaskiya ne, don mintunan da aka ɓata a nan sai da aka lissafa cikin awarmu. Don haka in za ku je ku faɗa tun a tudu, kafin a ta da inji, inda kuke so da inda ba ku so.

Abu ɗaya da ko gudun nasa bai iya ɓatawa ba shi ne bakin kogin kansa. Akwai wani siririn zirin yashi mai itatuwan kwakwa, in ka tsaya a kai hannunka ɗaya kogi ne shiru lumui, ɗaya hannun kuma teku ne na ta tumbatsa yana dukan gaɓa da ƙarar da sai ka ɗaga murya ake jin ka, a can ƙarshen zirin ruwan biyu ke karo, launinsu ma ba ɗaya ba, kana ganin layin da suka haɗu da idonka. Jirgi ba ya matsawa can sosai kuma kar ku matsa wa direba ya matsa, ruwan wajen yana da ja, masunta kansu da lissafi suke ratsa shi. Wannan kam ya burge kowa har yaran suka manta da ƙorafi.

Wanda ya gyara mana tafiyar wani dattijon masunci ne da mai masaukinmu ya haɗa mu da shi, kwale-kwalensa ba fenti ba rumfa, ƙaramin inji ne a baya da filafili biyu a ciki. Ya ce mu fito bayan sallar asuba, lokacin da ruwa ya fara janyewa, don teku na cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya kuma duk abin da ke rayuwa a wajen da wannan agogon yake aiki. Ya ja mu da inji har bakin wani ɗan siririn rafi tsakanin tsibirai, sai ya kashe. Kai jama'a. Ashe duk wannan wajen cike yake da motsi ƙarar inji ce ke rufe shi.

Itatuwan mangurof ne gefe da gefe, su ne itatuwan da ke iya rayuwa ƙafarsu cikin ruwan gishiri, kuma iri biyu ya nuna mana. Akwai mai saiwoyi da ke fitowa daga jikin kututture su lanƙwaso su soki laka, itacen na tsaye a kansu sama da ruwa, 'ya'yansa dogaye ne masu tsini kuma tun suna rataye a jikin uwar suke tsirowa, in sun faɗo su cake a taɓo ko ruwa ya tafi da su wani wajen su kama. Akwai kuma wanda saiwoyinsa ke ɓullowa daga ƙasa sama, ƙanana ƙanana birjik kewaye da shi, ta nan yake shaƙar iska don lakar wajen ba iska a cikinta. Dattijon ya tsinko ganyen wannan na biyun ya miƙa wa yaron ƙanwata ya ce ya lasa, yaro ya lasa ya yamutsa fuska ya ce "Kawu gishiri ne!" ashe ta ganye itacen ke fitar da gishirin da ya sha, in ka duba da kyau za ka ga farin ƙyalli a bayan ganyen. A kan lakar da ruwa ya bari kuwa ƙaguwa ce ba iyaka, ƙanana, namijin hannunsa ɗaya ƙato ɗaya ɗan mitsitsi yana ta ɗaga ƙaton yana saukewa, da inuwar filafili ta gifta sai duk su shige rami lokaci ɗaya, ka ɗan yi shiru su sake fitowa. Ga wani kifi mai idanu a saman kai da ke fitowa tudu yana tsalle a kan taɓo yana jan jiki da fukafukansa na gaba, na daɗe ina kallon wannan, kifi ne sosai amma ya fi son waje da cikin ruwa. Mun ga guza kwance a kan reshe yana shan hantsi, da ya gaji da mu ya sulale ruwa. A tsakanin saiwoyin nan ne ƙananan kifi da jatan lande ke girma inda manya ba sa iya shiga su cinye su, shi ya sa dattijon ya ce duk inda aka sare itatuwan bayan 'yan shekaru koma ke fitowa ba nauyi.

Kuma ana sarewa ɗin, bai ɓoye mana ba. Mun yi kiciɓis da kwale-kwale shaƙe da dammunan itacen za a kai wa mata masu banda kifi, don itacen na ci a hankali kuma yana ba kifi launi mai kyau. Ya nuna mana wani fegi da aka sake dasawa, 'yan tsirrai a jere iya gwiwa. Ni dai ba zan zauna a Akra ina cin bandar kifi in zagi matar da ta banda shi ba, amma fegin da aka dasa bai kai rabin filin da aka aske a gefensa ba.

Tsuntsaye kuwa nan Baba Alhaji ya karɓe aikin jagora. Balbela da zalɓe kala-kala, fari da toka-toka da wani baƙi siriri da ke bin bakin ruwa a hankali, shirwa na shawagi a sama, ga wani mai fari da baƙi da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike sannan ya faɗo ruwa da baki ya fito da kifi, ga masu dogayen jajayen ƙafafu suna taka ruwa. A kan wani tudun yashi da ruwa ya janye ya bari muka tarar da garken fararen tsuntsayen teku masu tsinin fiffike sun yi sahu duk sun fuskanci iska. Yawancin waɗannan ba 'yan gida ba ne, baƙi ne, a Turai suke ƙyanƙyasa, sanyi na shigowa can su gangaro gaɓar Afirka ta Yamma daga wajen Satumba su koma wajen Afrilu, wasu ƙananan ma masu bin igiyar ruwa da gudu a bakin teku daga can ƙurewar arewacin duniya suke zuwa. Alhaji ya ce haka suke ganin baƙin tsuntsaye a fadamun Nguru da Dagona in hunturu ya kama, yana yaro ba su san daga ina suke ba sai dai a ce baƙi sun iso. Yana magana yana nuni da sanda har kwale-kwalen na tangaɗi, ƙanwata na cewa "Baba dan Allah a zauna."

Can sama kaɗan wajen Big Ada muka ga masu nutso suna ciro adode, wani naman ruwa ne mai ɓawo biyu irin kumba, wanda ake soyawa a tsire a tsinke ana tallansa a Sogakope in kun taɓa bin titin. Wasu da numfashinsu kawai suke nutsawa, wasu kuma da dogon tiyo a baki da ke haɗe da injin iska a cikin kwale-kwale, mutum ya daɗe a ƙasan ruwa yana tona yashi da hannu. Ɓawon ma ba a zubarwa, tsibi-tsibi yake a bakin gaɓa, ana niƙa shi a sa a abincin kaji ko a ƙona a yi farar ƙasa. Na tambayi dattijon ko akwai ayu, ya ce akwai amma ya yi ƙaranci ƙwarai kuma ba ya son hayaniya, da dare yake fitowa cin ciyawa. Ba mu gan shi ba. Na dai yi dariya a raina da na tuna yawan kwalaben "man ayu" da ake tallatawa a tashoshin mota, in da duk na gaske ne ai da tuni ba sauran ko ɗaya a duniya.

Wata magana mai muhimmanci ga masu yara: za ku ga mutane na wanka a gefen kogi don ruwan ba igiya, ni dai ban bar namu sun shiga ba. Tun da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 zamanin Nkrumah, aka ƙara na Kpong a 1982, ambaliyar shekara-shekara da ke wanke kogin ta tsaya, ciyawar ruwa ta samu wajen zama, dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ya yaɗu a ƙasan Volta, har hukumar dam ɗin ta sha yashe bakin kogin don ruwan gishiri ya riƙa shigowa yana kashe su. Kusa da teku inda gishiri ke kaiwa, haɗarin da sauƙi, can ciki inda ciyawa ta yi yawa kuwa a kiyaye. Alhaji na jin wannan bayanin ya ce to ai labarinsu ne, tun da aka yi dam ɗin Tiga da na Challawa ruwan Hadeja ya canza hali kachalla ta toshe musu hanyoyin ruwa. Dam ɗin ne kuma ke riƙe yashin da kogi ya saba kawowa gaɓa, shi ya sa teku ke ta cin garin, tsohuwar ganuwar Kongenstein da mutanen Denmak suka gina a 1783 kusan duk ta tafi cikin ruwa, ƙauyuka irin su Totope da Fuveme sun ga tasku, yanzu an jibge manyan duwatsu jere-jere cikin teku don tare yashin. Sannan a 2023 da aka buɗe Akosombo saboda cikar ruwa, garuruwan ƙasa irin su Mepe suka nutse. Duk wannan hirar a cikin kwale-kwale muka yi ta, kuma kuɗin da dattijon ya karɓa bai kai na mai sifika ba, sai da muka ƙara masa da kanmu.

To yanzu tattakin dare. Wannan ba wajen yaran bakin ruwa ake nema ba, ofishin ma'aikatan kula da namun daji ake zuwa a cikin garin, a yi rajista da rana a biya a karɓi rasit, su haɗa ka da ma'aikaci. Lokacinsa daga wajen Oktoba ne zuwa Fabrairu, ya fi kyau Nuwamba zuwa Janairu. Tun kafin mu biya mutumin ya faɗa mana ƙarara cewa ba alkawari, dabba ce ba ma'aikaciyarsu ba, wani daren a ga uku wani daren a dawo haka nan kuma ba a mayar da kuɗi. Wannan gaskiyar tasa ita ta fara sa na yarda da shi. Dokokinsa: ba farar tocila, ba filashin waya, ba surutu, a sa kaya masu duhu, shi kaɗai ke riƙe da tocila mai jan haske kuma ita ma ba kullum take kunne ba.

Tafiya ce fa ba wasa ba, cikin yashi mai nutsa ƙafa, cikin duhu, iska na kaɗawa, Baba Alhaji da ƙaramin yaron a masauki muka bar su kuma hakan shi ne daidai. Abin takaici shi ne shara, ledar fiya wata da robobi da tsummokaran koma da takalma duk teku ya amayo su gaɓa, wani wajen a kansu kake takawa. Ma'aikacin ya ce ledar nan ba ƙazanta kawai ba ce, babban kunkurun da ake kira mai bayan fata abincinsa wata halittar ruwa ce fara mai yauƙi, in ya ga leda na yawo a ruwa sai ya haɗiye ta toshe masa hanji. Iri uku ne ke hawowa gaɓar Ada su yi ƙwai: shi wannan mai bayan fata wanda ba shi da ƙoƙon baya mai tauri kuma yana iya haura kilo 400, sai kore, sai ƙaramin cikinsu mai launin zaitun wanda aka fi gani.

Mun yi nisa har yarinyar ta fara cewa "Kawu mu koma" sai mutumin ya ɗaga hannu muka tsaya. Ya haska ƙasa da jan hasken, ga sawu ya fito daga ruwa ya miƙe tudu, kuma sawu ɗaya ne ba na komawa, wato tana sama. Ya ce mu tsuguna mu jira, shi ya lallaɓa ya dubo, don in tana cikin tono aka dame ta sai ta fasa ta koma ruwa, amma da zarar ta fara zuba ƙwai ba ta kula kowa. Da ya yafito mu ta bayanta muka zagaya, ba a tsayawa ta gaban fuskarta. Mai launin zaitun ce, tsawon bayanta bai kai kamu biyu ba. Ta riga ta haƙa rami da ƙafafun baya, mai zurfi kamar rabin mita, sama a tsuke ƙasa a buɗe, ƙwan na faɗowa biyu-biyu uku-uku, farare jiƙaƙƙu girman ƙwallon tebur, ɓawonsu da taushi shi ya sa ba sa fashewa in sun faɗa kan juna. Kana jin numfashinta, ta ja iska da ƙarfi ta yi shiru ta sake ja. Idonta na zubar da ruwa mai kauri, yarinyar ta raɗa min "Kawu kuka take?" ma'aikacin ya ce a'a gishirin jikinta take fitarwa ta nan. Tana zuba kimanin ɗari a rami ɗaya. Da ta gama ta mayar da yashi da ƙafafun baya, sai kuma ta shiga ɗaga jiki tana bugawa ƙasa dama da hagu, tim tim tim, har a tafin ƙafarka kana jin bugun, tana daddale wajen ne, sannan ta watsa yashi ko'ina don ɓatar da sawun ramin ta juya ta ja jiki zuwa ruwa. Ma'aikacin ya auna bayanta da tef kafin ta tafi ya rubuta a littafi ya sa alama a wajen.

A hanyar dawowa ya yi ta ba mu bayani ba tare da mun roƙa ba. Ƙwan na yin kimanin wata biyu a yashi, uwar ba ta dawowa duba su, zafin yashin ne ma ke yanke mace ko namiji, in ya yi zafi sosai mata su fi yawa. In sun ƙyanƙyashe da dare suke fitowa su nufi inda ya fi haske, wanda a da teku ne, yanzu kuwa fitilun masaukai da na gidaje na jan su tudu inda karnuka da ƙaguwa da hankaki ke jira. Karnuka da aladun ƙauye na tone ramukan, mutane ma na ɗiba duk da dokar kare namun daji ta 1971 ta hana kama kunkurun teku ko taɓa ƙwansa. Masana na ƙiyasta cewa cikin dubu da ƙyar ɗaya ke kai girma, wadda ta kai kuma bayan shekaru masu yawa yankin da aka haife ta take dawowa ta yi nata ƙwan. Ya ce abin da ya taimaka a Ada shi ne a al'adar mutanen wajen da yawa ba sa cin kunkuru, suna girmama shi, matsalar ta fi zuwa ta koma, in ya faɗa ciki ya yayyaga ta masunci ya yi asara, sai an bi shi da lallami kafin ya sake shi da rai. Akwai wani baƙo cikin ayarinmu da ya saci jiki ya kunna filashi, mutumin bai yi masa ihu ba, ya dai sa tafin hannu ya rufe wayar ya ce in ya sake shi da kansa zai raka shi masauki. Bai sake ba. Irin wannan ma'aikacin in kun samu ku ba shi na goro bayan kuɗin rasit, dare yake rabawa yana taka yashi.

Tafkin Songor mun leƙa shi a gurguje da mota ta wajen Sege, fili ne fetal fari fat in rani ya yi, mata na kwasar gishiri a kwanoni suna tarawa tsibi-tsibi, sana'ar da mutanen Ada suka gada kaka da kakanni kuma an daɗe ana takaddama kan wa ke da ikon tafkin. Rana ta yi yawa ba inuwa ko ɗaya, in ba kana da madubin hangen nesa kana son tsuntsaye sosai ba rabin awa ta ishe ka.

Masauki mun kwana a ɗaya daga cikin bukkokin kaba da ke kan zirin yashin nan, ƙasan ɗakin yashi ne, gado da gidan sauro, banɗaki na haɗaka, ruwan wanka a bokiti, janareta na mutuwa tsakar dare. Gidan sauron namu da huji biyu sai da muka ɗaure da zare, kuma sauron wajen ba ya wasa, ku tafi da maganin shafawa. Daren Asabar akwai kiɗa har wajen ƙarfe biyu, mai son barci ko mai iyali ya zo tsakiyar mako, sai dai ku sani a yawancin garuruwan gaɓar Gana masunta ba sa shiga teku ranar Talata, in kallon jan koma kuke so kar ku zaɓi ranar. Abinci kifi ne ba laifi, gasasshiyar karfasa da banku da yaji, ko dokunu da soyayyen kifi da shito, sabo ne daga ruwa amma ku yi oda tun kafin yunwa ta kama ku don sai an yi awa ana jira. Nama dai mun ƙaurace masa tunda ba mu san yankan wa ba ne. Ku tafi da buta da sallaya, wajen sallah yashi ne iya ganinka. Kuɗi kuma ku riƙe tsaba, MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, na aiki amma netwok na ɗaukewa a kan zirin.

In maki zan bayar cikin biyar, jirgin mai sifika biyu, kuma bakin kogin ne ya ci masa biyun ba shi ba. Kwale-kwalen dattijo biyar, in ka cire cewa shi ma ba shi da rigar ceto sai da muka karɓo a masauki, kuma katakon zama na jiƙa wando. Tattakin dare biyar. Masauki uku.

Wajen komowa kar ku kai yammacin Lahadi a garin, duk 'yan Akra lokacin suke juyawa, mota na wuya a Ada Foah sai ka hau okada ko tasi zuwa Kasseh ka tari masu fitowa daga Aflao, sannan gosulon Dawhenya zuwa Tema na nan na jiran ku. Kankana dai ku saya a bakin titin, ta wajen tana da zaƙi kuma ta fi ta Nima araha nesa ba kusa ba.